Zanen Bayan Randa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa kaina jama'a a kan abin bayan randa ba.

Ɗiyata Nana tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun haɗa sinadarai. Ta zo hutu gida Goronyo, ta wuce Wurno gaida gwaggonta. Ina shara a ɗakinta sai ga wasu 'yan farantai na gilashi a bayan randa, cike da wani abu mai santsi awa kafaffen kamu.

Washegari na leƙa. Zobba sun fito a ciki, zobe cikin zobe, awa ƙunshin amarya, alhali ɗakin a kulle yake! Da la'asar sun ƙaru. Abu mai zana kansa? Na ce shi ke nan, an yi wa yarinya sammu don kar ta gama karatu (dama tun da aka yi madatsar ruwan garin nan nake jin labarin mutanen ruwa).

Ban kira ta ba, kar in tada mata hankali. Na kira Kawu Liman, mata suka biyo shi.

"Mi kika gani, Hajo?"

"Kawu, rubutu yake yi da kanshi!"

Ya ɗan ja baya, ya yi tofi daga bakin ƙofa. Ni na kwashe abin da ke cikin farantan da ludayi, muka juye a hanyar ruwan da ke shayar da albasa.

Muna dawowa, ga Nana ta sauka daga mota. Ta dubi ludayin, ta dubi taron.

"Inna, ina aikina?"

Ashe aikin jarrabawarta ne. Wai ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani ke jera kansu su yi zanen, in dai an ba su sanyi, ba a girgiza su ba. Shi ya sa ta zaɓi bayan randa.

Kawu ya gyara rawani ya ce, "To, Hajo, mai sammun dai mun gane ta."

Nana ta sake haɗawa tana hawaye. Ni na zama mai gadi, ko kaza ban bari ta gifta ba, har zobban suka fito, ta kai aikin makaranta ta ci jarrabawa.

Yanzu in na ga abin tsoro a ɗakin ɗan boko, mai ɗakin nake fara tambaya, kafin liman.