Tafkin Mossop

Idan ana lissafin manyan mutanen da aka yi wa garinmu baiwa da su, a fara da Mista Cedric Mossop, a kuma tsaya nan, don shi ma nan yake tsayawa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar ruwa, saboda haka babu mahalukin da ya isa ya gaya masa wani abu game da ruwa, na famfo ne ko na sama. Ranar da ya yi ritaya ya sayi kyamara mai nauyin ɗan tunkiya, da gilasan kyamara biyar, da sandar nan mai ƙafa uku ta ɗora kyamara, da riga mai aljihu goma sha takwas. Kafin shekara ta zagayo mun naɗa shi shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto, mu goma sha ɗaya. Ba hotunansa muka gani ba. Rigar muka gani.

Sarkin Haske muke ce masa a bayan idonsa. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka sarauta ce, ya fara sa hannu da shi a wasiƙa. Kowace Laraba, a ɗakin taro na bayan coci, zai miƙe ya kama wuyan riga da hannu biyu.

"'Yan'uwa, kowa yana kallo, amma ba kowa ke gani ba. Ku latsawa kuke yi. Ni sauraron haske nake yi."

Mu gyaɗa kai, muna jiran a buɗe biskit.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Ƙasarmu ƙasar tafkuna ce, kowane kwari da nasa, amma duk an riga shi zuwa. An raɗa musu suna tun kafin a haifi kakansa, an ɗauke su hoto har sun gaji. Shi kuwa ba ɗa ba jika, yana so ya bar sunan Mossop a wani wuri da ya fi murfin mita daɗewa.

A farkon Afrilu, dusar ƙanƙara na narkewa, kowane rafi na gudu kamar an biyo shi, ya hau tsauni da matarsa Doreen, wadda aikinta a harkar fasaha shi ne ɗaukar ƙafa-uku. Gajimare ya sauko ya rufe su. Ya ɓace hanya, ko da yake a faɗarsa hanyar ce ta ɓace. Ya tsallake wata katangar dutse, gari ya washe, sai ga ruwa shimfiɗe a gabansa kamar madubi, tsauni ya kifa kansa a ciki, furanni rawaya sun yi masa kwalliya a gefe. Ya zaro taswira daga aljihu na tara. Babu tafki a wurin. Ya juya ta sama ƙasa. Babu.

"Doreen, ki riƙe kwanan watan yau. Za a zo a tambaye ki."

Ta sauke kayan tana haki, ta ƙanƙance ido. "Cedric, ni fa kamar kan shinge nake hangowa a tsakiyar ruwan nan."

"Tsibiri ne. Kafa mini sandar."

Ranar Laraba ya kashe fitila ya haska mana hoton a bango. A nan ne ya kamata a ce mun yi hankali. Tsoho Wilf, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, ya ce zurfinsa ba zai gaza ƙafa arba'in ba. Wata ta ce launin ruwan ya nuna ya kai shekara dubu goma. Mai ba ku labarin nan ma ba a bar shi a baya ba, shi ne ya ce wai mahaifinsa ya taɓa ba shi labarin wani ɓoyayyen tafki a wannan wajen. Mahaifinsa direban bas ne, bai taɓa hawa abin da ya fi matakalar bas tsawo ba.

Sarkin Haske ya rubuta wa ofishin taswira wasiƙa mai shafi uku. Amsa ta zo layi ɗaya: mun karɓi saƙonka. Ya sa ta a gilashi ya rataye a falo. Ya sa aka sassaƙa allon dutse, aka rubuta TAFKIN MOSSOP da manyan baƙaƙe. Ya gayyaci jaridar mako-mako ta garinmu, suka turo wata ma'aikaciyarsu mai suna Gemma. Aka tsayar da Asabar ta ƙarshen wata don bikin raɗa suna.

Ranar ta zo da kyan da ba mu saba samu ba. Rana ta fito, 'ya'yan tumaki na tsalle, iska na ƙamshin danyar ciyawa. Muka jeru muna hawa da sandunanmu da filas ɗin shayi, gwiwoyi na ƙara, allon dutse a jakar bayan Wilf. Muka wuce tafkuna uku na gaske, kowanne ya fi ɗan'uwansa kyau. A na biyu har wani babban tsuntsu ya sauko ya sure kifi a gabanmu. Hannaye suka nufi kyamarori.

"Kul!" in ji Shugaba. "Kada wanda ya ɓata batirinsa a kan tafkin kowa-da-kowa. Ku adana idanunku."

Muka adana.

Bayan awa uku muka iso katangar. Ya ce mu rufe ido, muka rufe, tsofaffi goma riƙe da hannun juna kamar 'yan rawa. Doreen ta tsallakar da mu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya tsallaka da baya, don yana so ya ga fuskokinmu lokacin da tarihi zai buge mu. Ya hau wani dutse, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, dubban shekaru ruwan nan yana jiran ido ɗaya. Makiyaya sun wuce, masana sun wuce, bai nuna musu kansa ba. Ba don ni na fi kowa ba, ko da yake akwai masu wannan ra'ayi. Idan ƙasar nan ta manta da sunayen ministocinta, wannan ruwa zai kasance nan, yana faɗin suna ɗaya. Ku buɗe ido!"

Muka buɗe. Fili ne na laka da kwantacciyar ciyawa, shinge ya ratsa tsakiyarsa, tumaki bakwai na kiwo a daidai inda Wilf ya auna ƙafa arba'in. Kuma don kada a yi ƙarya, mutum huɗu daga cikinmu sun ɗaga kyamara sun fara latsawa, wai ko akwai abin da ake gani wanda mu kallo kawai muke yi.

Gemma ce ta ce, "Ranka ya daɗe, ta wane ɓangaren ruwan yake?"

Ya juya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur mai ƙafa huɗu. Wata dattijuwa ce a kai da kare a bayanta, Hilda Relph, mai gonar. Ta dube mu, ta dubi allon dutsen da Wilf ya rungume.

"Wa ya mutu? Ba dai a filina za ku binne shi ba."

"Baiwar Allah," in ji Sarkin Haske, "ina tafkin da ke nan?"

"Tafki? Au, kwalbatin? Ai duk shekara haka yake cika mini fili da ruwa in ƙanƙara ta narke. Bana wata tsohuwar katifa ce ta toshe shi, da mushen tunkiya a kanta. Ranar Talata na janye su da tarakta."

"Ki san da wa kike magana. Shekara talatin da ɗaya na yi a harkar ruwa."

"To da ka zo ka kama mini. Wari kamar me."

Doreen ta juya baya tana ta faman gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba, kafaɗunta na girgiza. Mai ba ku labari kuwa ya duƙufa karanta bayan filas ɗinsa.

Sai idon Hilda ya faɗa kan babban hoton da aka wanko don bikin. Ta sauko daga babur, ta goge hannu a wando, ta karɓa. Ta daɗe tana dubawa.

"Kai ka ɗauki wannan?"

Ya gyaɗa kai da ƙyar.

"Kai, amma ka iya! Don Allah ka bar mini. Shekara shida ina gaya wa ƙaramar hukuma kwalbatin hanyarsu na cinye mini fili, suna cewa ƙari nake yi. Dubi yadda kan shingena ya fito sarai!"

Nan take jini ya dawo fuskar Shugaba. Tunda yake, babu wanda ya taɓa roƙonsa hoto. Ya zaro biro, ya sa hannu a ƙasa da duk sarautarsa, ya juyo gare mu.

"Kun gani? Aikin ƙwarai, ko wanda bai yi ilimin fasaha ba sai ya ratsa shi."

Muka tafa. Wallahi mun tafa.

Hoton ya yi aiki kuwa. Jarida ta buga shi a shafi na biyar ƙarƙashin kanun labarin toshewar magudana, ƙaramar hukuma ta ji kunya, kafin kaka ta turo ma'aikata suka sa bututun da mutum zai iya bi ta cikinsa a sunkuye.

A Afrilun bana Sarkin Haske ya sake hawa, ya kafa kyamara a kan katangar, ya zauna awa huɗu yana jira. Ruwan ya zo kamar yadda ya saba. Ya gangaro daga tsauni, ya shige bututun, ya wuce abinsa ko gaisuwa babu.