Ranar da Surukina Ya Tura Mini Mota

Ko komai ya goge a kaina, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na sa dattawan Kurfi turin mota ba. Kafin in ba ku labarin, ya kamata ku san ni mutum ne da "ban sani ba" take yi wa nauyi a baki. Koyarwa nake yi a Dutsin-Ma, kuma wanda ya saba tsayawa gaban allo, ko hanya ya ɓata sai ya yi wa mai nuna masa gyara.

Shekara da shekaru ina kan babur. Surukina, Alhaji Mamman na Kurfi, bai taɓa ce mini uffan ba, amma duk ranar da na kawo masa 'yarsa da jikoki a cushe a bayana, akwai wani kallo da yake yi wa babur ɗin wanda ya fi faɗa ciwo. Shi ya sa da na samu 'yar dama na nufi Katsina wajen dillalan mota.

Motar da na ɗauko tsohuwa ce, ba ma 'yar Kwatano ba, ta zaga hannuwa har ta gaji. Amma otomatik ce, kuma abin da ya ja ni ke nan. Dillalin ya ce, "Malam, injinta garau yake, sai dai batirin ya yi sanyi. Ka canza shi kafin ka yi nisa." Na yi dariya na ce batir ai ba matsala ba ce. A motar kawuna na koyi tuƙi, wata mai kuloci wadda tun da na san ta ba ta taɓa tashi da makulli ba. A gangara ake ajiye ta, in babu gangara a nemi masu turi. Mutumin ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ni kuwa na riga na shige ina gyara madubi (gaskiya fuskata nake kallo).

Ba a daɗe ba aka sa ɗaurin auren ɗan ƙanin Alhaji a Ɗantutture, bayan sallar Juma'a. Alhaji ne wakilin ango, wato in bai je ba babu mai karɓar aure. Da na ji ya yi magana da mai motar haya, na buga masa waya.

"Baba, ina da mota a ƙofar gida za ku shiga ta haya? A sallame shi, ni zan kai ku."

"To Malam, Allah ya yi albarka. Lafiyarta dai ƙalau ko?"

"Ƙalau, Baba. Ai wannan ita ke sa wa kanta giya."

Ranar na isa Kurfi tun da hantsi. An yi ruwa da safe, ƙofar gidan duk taɓo. Na kashe injin don kada mai ya ƙone, amma na bar rediyo a kunne, na ƙure murya, na buɗe ƙofofi. Wai don dattawa su ji karatu. Allah dai ya san don maƙwabta na yi.

Da lokaci ya yi, Alhaji ya fito da aminansa, kowa ya sha babbar riga mai sitaci, ga ƙamshin turare. Na buɗe masa gaba, sauran suka shiga baya. Na murɗa makulli, motar ta ce "ƙyas". Na sake, ko ƙyas ɗin ma ta hana ni.

Kada ku ɗauka gabana ya faɗi. Ko kaɗan. Na juyo da murmushin wanda ya san aikinsa na ce, "Batir ne kawai, 'yar turi kaɗan take so."

Matasan unguwa duk sun riga sun wuce ƙauyen. Alhaji ya ɗan dube ni, ya fita ya koma gefe ya yi wata gajeriyar waya. Daga nan ya naɗe hannun rigarsa bisa kafaɗa ya ce wa aminansa, "To bisimilla, ku kama." Ni da ko cin abinci ba na iya yi a gabansa, ga ni zaune a kujera shi yana tura ni.

Na sa giyarta a N suka tura. Na ja ta zuwa D, shiru. Na leƙo ta taga ina ba da umarni, "A ƙara ƙarfi, ta kusa." Muka wuce shagon tela, muka wuce masu tsire, mutane suna fitowa kallo. Da muka samu 'yar gangara motar ta ɗauki gudu, dattawa na bin ta da sassarfa. Na ce a raina yanzu ne. Ƙafata ta hagu ta tuna motar kawu, ta ɗaga ta danna kuloci iya ƙarfinta.

Motar ba ta da kuloci. Birki ne a wurin, mai faɗi kamar faifai.

Ta tsaya cak. Na ji "dim" a baya, sai salati. Ta madubin nan da na gyara a Katsina na hango surukina kwance bisa but ɗin motar, hularsa tana gangarawa cikin taɓo, wani dattijo kuma ya zauna daɓas a ruwa. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, da motar duka.

Ina fitowa ina "Baba sannu, Baba ku yi haƙuri", sai ga 'yan acaɓa sun iso a jere, sun tsaya daidai gabansa. Alhaji ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya tattare riga ya hau bayan babur. Abin da ya ce mini kawai, "Malam, hau mu tafi, kada liman ya gaji da jira." Sun isa a kan lokaci, kuma da taɓo a gaban rigarsa ya karɓi auren.

Da yamma, bayan an ɗaura wa motar batirin aro na lallaɓa gida, na fara yi wa matata bayanin cewa turin ne bai yi ƙarfi ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Baban Hanifa, irin motar nan Yaya yake hawa a Kaduna, kuma Baba ya sha gani. Ya san ba a tashin ta da turi. Wa kake tsammani ya kira 'yan acaɓan?"

Na ce to me ya sa bai faɗa mini ba?

"Da muka yi waya ɗazu, cewa ya yi ba zai ƙaryata surukinsa a gaban abokansa ba. Gara ya tura."

Washegari na sayi batir. Har yau in na je Kurfi, Alhaji yakan raka ni bakin mota, ya tsaya har sai ya ji ta tashi, hannunsa riƙe da hularsa. Ni kuwa na koyi abu ɗaya: in ka ga babba ya yi shiru yana bin shawararka, kada ka ɗauka ka fi shi sani, wataƙila asirinka yake rufawa.