Kwamanda Barmo da Maɓallin Toshe Baki

A garin Rafin Dinya an yi wani kwamandan 'yan sintiri, sunansa Barmo, ƙato mai tumbi da saurin fushi, wanda in yana magana ko tari ba ya so a yi. Wa'adinsa ya ƙare, za a sake zaɓe, kuma zaɓen ƙato bayan ƙato ne a filin ƙwallo, ga mataimakinsa Sallau ya fito neman kujerar ido rufe. Abin da ya hana Barmo sakat shi ne bai san me dakarunsa ke faɗa a bayan idonsa ba. Kowace runduna da oba-obarta, wato rediyon hannu na magana da juna, kowace da tashar da take hira a kai: 'yan kasuwa daban, 'yan tashar mota daban, na unguwar mahauta daban, na can bakin gada daban. Shi kuwa tasa oba-obar tashar ofis kaɗai take kamawa, inda kowa "ranka ya daɗe" yake sayarwa. Sai ya nufi shagon taubashinsa Nomau, mai gwanjon kayan lantarki, ya kai kukansa.

Nomau ya tona ƙarƙashin tebur ya zaro wata tsohuwar na'ura mai nauyin bulo, eriyarta a karkace, murfin batir an ɗaure shi da robar taya.

"Bawana, ga maganin ciwonka. Sikana ake ce mata. Tasha-tasha take bi tana kamo duk hirar da ake yi a oba-oba. Ba ta magana, sauraro kawai ta iya. Ka ga ke nan duk zuriyarku babu mai halinta."

"Ubanka ne bawan. Nuna mini yadda ake yi da ita."

"To buɗe kunne. In za ka sa mata tasha, ka danna wannan maɓallin na hannu, ka buga lambar mitar, ka danna na ajiyewa. Ka matsa gaba, ka sake. In ka gama ka danna na yawo, ita za ta yi ta zagaye da kanta, inda ta ji murya ta tsaya. Eriya a miƙe take so, kada ka kwantar da ita kamar yadda kake kwanciya a bakin aiki. In za ka canza batir kuma ka yi sauri, in ka yi nawa duk abin da aka zuba mata sai ta manta, kamar ɗan takara bayan rantsuwa."

"Wannan na murɗawar fa?"

"Na kashe shuuu ɗin nan ne. Ka murɗa a hankali, da zarar hayaniyar ta ɗauke ka tsaya cak. In ka zarce, na kusa masu ƙarfin murya kaɗai za ka ji, na nesa sun ɓace ke nan. Wannan ƙaramin kuwa, mai harafi biyu, na toshewa ne. In wata tasha ta dame ka da ƙara marar amfani, ka danna shi, ba za ta sake tsayawa a kanta ba. Don ƙara aka yi shi, ka ji ko? Ƙara."

Barmo ya ce ya ji. Amma daga yadda ya ƙura wa ƙaramin maɓallin ido, ko makaho ya san ya ga amarya.

Bayan la'asar ya baje a zaurensa, ya miƙe eriya, ya danna na yawo. Na'ura ta zagaya ta tsaya kan 'yan tashar mota.

"Kai, ka tuna ran da muka biyo ɓarawon akuya da Kwamanda? Wallahi akuyar ce ta tsaya tana jiransa ya huta."

Dariya ta cika zaure. Barmo ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Ya ce, "Wannan ai ƙara ce," ya danna. Tsit.

Ta gangara kan 'yan kasuwa. Wani yana cewa tocilan da aka saya wa runduna a gidan surukan Kwamanda suke haskawa, har kaji sun daina gane asuba. Ƙara ce. Ya danna. Na unguwar mahauta suka ce rabonsu da ganinsa tun ranar rabon naman Sallah. Ita ma ƙara. Na bakin gada kuwa muryarsu can ƙasa-ƙasa take zuwa, suna ƙorafin takalman ruwa da aka yi musu alkawari tun daminar bara. Su ko darajar maɓalli ba su samu ba, murɗawa kawai ya ƙara suka nutse.

Kafin mako ya zagayo gari ya yi lafiya. Na'ura ta yi ta yawonta ba ta samun wurin tsayawa sai tasha guda, ta Cindo, mai tuƙa shi a babur. Shi Cindo ya ga na'urar a aljihun maigida, kuma ba yaro ba ne, ya gane karatun. Sai ya wuni yana danna oba-obarsa shi kaɗai yana zuba kirari: "Barmo bangon gari! Barmo ko da me aka zo an tarar da kai! Duk Rafin Dinya sai Barmo!" Ba mai amsa masa, amma Barmo bai lura ba. Shi dai ya ji muryar talakawa.

Dattawan ƙungiya suka same shi suka ce, "Kwamanda, Sallau fa yana bin runduna-runduna yana gaisawa. Ka ɗan taka ka leƙa mutanenka."

Ya shafa aljihu ya yi murmushi. "Ku bar shi ya kashe takalminsa. Ni ina da kunne a kowace rumfa. Duk garin nan babu mai ambatona sai da alheri."

Har makaɗa ya kama, ya sa aka ɗora tukunyar shinkafar murna tun da safe.

Ranar zaɓe ya ci ado, ya tsaya tsakiyar fili ya banƙaro ƙirji. Aka ce kowa ya bi bayan gwaninsa. Ya ji ƙasa tana girgiza da takun sawu, ƙura ta tashi, ya ƙi waiwayawa, wai babba ba ya waige. Sai da mai ƙirge ya iso, ya leƙa bayansa, ya ce "Shi ke nan?" sannan ya juya. Cindo ne kaɗai. Shi ma ƙafarsa ɗaya tana cikin layin Sallau. Makaɗan da ya kama, su suka raka sabon kwamanda gida, shinkafar ma a can aka ci ta.

Washegari Barmo ya dira shagon Nomau ya dangwarar da na'urar a tebur.

"Maƙaryaciya ka ba ni! Munafuka! Ta ce mini kowa nawa ne!"

Nomau ya danna na hannu ya bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowace da alamar toshewa a jikinta, jere reras kamar shagunan da aka garƙame ranar Juma'a.

"Bawana, ai kai ka ɗaure mata kunne, ka bar mata maroƙi. Duba nan, yadda ka toshe haka ake buɗewa: ka je kan tashar, ka sake danna shi."

"Buɗe su duka. Tunda kujerar ta tafi, gara in ji zagin da ake yi mini, in san maƙiyana."

Nomau ya buɗe, ya sassauta murɗin. Muryoyi suka ɓarke kamar an fasa madatsar ruwa. 'Yan tasha na cewa jiya-jiya aka zaɓi Sallau har ya fara tafiya kamar agwagwa. 'Yan kasuwa na cewa an ga matarsa tana taya sabon firji. Na bakin gada na tambayar takalman ruwa, suna haɗawa da kakan Sallau. Barmo ya kasa kunne yana jiran sunansa. Na'ura ta zagaya, ta sake zagayawa, ta kuma. Ko da kuskure babu wanda ya ce Barmo. Wannan ya fi masa faɗuwa zaɓen ciwo.

Ya girgiza ta, ya buga ta a tafin hannu.

"Nomau, har yanzu da sauran gyara. Na Sallau kawai take kamowa. Shekara da shekaru ni ake zagi a garin nan, ina nawa ya shiga?"

Nomau ya miƙa masa abarsa ya ce, "Lafiyarta lau, bawana. Zagin ai kayan ofis ne. Jiya ka miƙa shi tare da usur da jar hula."