Yaɓen da Awaki Suka Cinye

Laifina ɗaya ne: na ƙyamaci kashin shanu. Da sanyi ya doso garinmu Gadarif, Baba ya sa ni yaɓe ɗakin Habboba, kakarmu, don iska na shiga ta tsagar bango. Na yi ta tambaya me kashin shanu ke yi cikin laka, kowa ya ce haka aka tarar. Sai na zuba dusar dawa a madadinsa, har da gishiri, wai don ƙarko.

Kafin la'asar awakin unguwa kaf sun yi sahu suna cin bango.

Habboba ta leƙo ta ramin da suka huda. "Maigidana, gobe rufin za ka dafa musu?"

A ɗakina ta ƙare sanyin shekarar, ni kuwa ina rumfa ina karkarwa. Har yau in akuya ta yi kuka, sai a ce min baƙina sun iso.