Abin da Na Bari a Allo na Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da zan shekara ɗari a duniya. Lokacin ina aikin ofis a wata sakandare kusa da Ƙofar Gayan. Muna da tsohuwar kwamfuta mai tsarin Unix, baƙin allo da farin rubutu, ba hoto ba komai (ina jin ta girme ni). A cikinta sakamakon ɗalibai yake. In ta fara buga na aji guda, sai kowa ya naɗe hannu har ta gama.

Malam Habu ne ke kula da ita tun kafin a ɗauke ni aiki. Abokin mahaifina ne, sahu ɗaya suke salla. Na ce masa na gani a littafinta cewa tana da wasu alluna a ɓoye, ana iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan da maɓalli, a yi aiki biyu lokaci guda. Ya yi dariya.

"'Yata, allo ɗaya Allah ya ba ta. Ki bar ta, kada ki kashe mana ita."

Ni kuwa ba na son a ce min ba zan iya ba. Yana fita sallar azahar na buɗe fayil ɗin da ke jera allunan, na tarar biyu a kashe. Na kunna su, na sake tayar da ita, ina sane cewa in ta ƙi tashi, aikina ya tashi. Ta tashi! Na danna maɓallan Alt da F2, ga sabon allo. F3, ga wani. Daɗi ya kwashe ni, na shiga na ukun na gwada rubutu da manyan baƙaƙe: MALAM HABU BAI SAN BAMBANCIN KWAMFUTA DA INJIN MARKAƊE BA. Na koma allon farko, na ci gaba da aikina, na manta ban goge rubutun ba, ita kuwa a kunne take kwana.

Washegari, Larabar nan, da kaina na kira Hajiya shugabar makaranta ta zo ta gani (ba wanda ya aike ni, neman suna ne kawai). Malamai uku suka biyo ta, Malam Habu ma yana ofis ɗin. Na sa bugun sakamako a allon farko, na tsallaka na biyu na buɗe rajista. Hajiya ta ce, "Masha Allah!" Kaina ya ƙara girma. Na ja kujera na ce, "Baba Habu, bismilla, gwada na ukun da hannunka."

Ya gyara tabarau, ya danna. Shi kuma mutum ne da ba ya karatu a zuci. Ya karanta a fili, kalma-kalma, har "markaɗe".

Hajiya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni da ya kamata in durƙusa, me na ce? "To ai kun ga yana aiki."

Cikin birni kuwa magana ba ta jiran mota. Kafin in isa gida ta riga ni. Mahaifina bai ko amsa gaisuwata ba, ya ce, "Juya." Na je zauren Malam Habu na tsuguna na ba shi haƙuri, kuma har zuciyata, don dattijo ne, bai cancanci haka ba.

Ya ce, "Na yafe. Amma gobe ki mayar da ita yadda take."

"Baba, ka yi min komai, ban da wannan."

Ya girgiza kai, ya ce, "Taurin kan ubanki ne. To, gobe ki koya min."

Na koya masa, wata guda kuma ina sunkuyar da kai in mun haɗu a baranda. Gyaran dai ban yi nadamarsa ba, yau ma zan sake. Abin da na koya shi ne, kafin ki tara jama'a su ga gwanintarki, ki fara leƙa kowane allo ke kaɗai.