Ranar da Tsofaffin Fakku Suka Ɗaga Dakta

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Fakku ba, ko da tsufan da nake karantarwa ya zo ya kwashe min sauran tunanina.

Ni malamar jami'a ce, 'yar Tambuwal. Fannina shi ne tsara gari da gida yadda za su dace da tsofaffi: a rage tsayin dokin ƙofa, a sa abin dafawa a makewayi, da makamantansu. Shekara goma ina wannan aiki, amma a kan kujera, ƙarƙashin fanka (ƙibata shaida ce). Da lokacin ƙarin girma ya zo, aka ce rubuce-rubuce kaɗai ba su isa ba, sai na kawo bidiyon aikin da na yi cikin jama'a. In babu, in jira wata shekarar.

Na sayi sandunan dogarawa na ƙarfe don rabawa, na ɗauki Malama Rabi, ma'aikaciyar lafiya a Kebbe, muka hau babura sai ƙauyen Fakku. Tun a hanya bayana ya fara ƙorafi, na yi masa kunnen uwar shegu. Na damƙa wa Rabi wayata, na ja mata kunne: komai ya faru, kada ta tsayar da ɗauka.

Mun tarar da tsofaffin mata cike da tsakar gidan mai gari, suna ɓarar gyaɗa a kan tabarmi. Na ce na zo koya musu yadda tsoho zai tashi idan ya faɗi, mataki huɗu: mirginawa, durƙusawa, dafawa, miƙewa.

Babbarsu, Inna Tumba ungozoma, ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyata, mu da ka duƙawa muna tashi tun assalatu, tashin ne kinka zo koya muna?"

Na yi murmushin masu digiri. "Inna, akwai yadda ilimi ya ce a yi."

Na kwanta a ƙasa don in nuna musu. Na mirgina lafiya lau. Ina durƙusawa a kan hannu da gwiwa, sai na ji ƙas a ƙuguna. Bayana ya riƙe gam. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, ga ni da ƙafa huɗu kamar tunkiya.

Maimakon in nemi taimako (girman kai rawanin tsiya), sai na ci gaba da lacca ina kallon ƙasa. "Wannan mataki na biyu, ana ɗan jimawa a cikinsa." Na jima kuwa. Gumi yana ɗiga daga hancina, kaza ta zo ta leƙa fuskata ta wuce. Rabi, baiwar Allah mai riƙon amana, tana ta ɗauka.

"Dakta," in ji Inna Tumba, "kin ce fuɗu ne. Ina sauran biyun?"

Na ce da ƙaramar murya, "Inna, na kasa tashi."

Ta ajiye ƙwaryarta ta miƙe tsaf, ko ƙasa ba ta dafa ba. Su huɗu suka ciccibe ni, babu mai cikakkun haƙora a cikinsu, suka shimfiɗe ni a tabarma. Inna ta kawo man shanu ta shiga murza min baya tana faɗa wa sauran, "Wagga ba ta daka, ba ta niƙa. Jikin duk ya mace."

Wata ta ce, "Allah sarki, karatu ya cinye ta."

Na yi hawaye, kuma ba na ciwo ba ne, na kunya ne.

Ina kwance na tambaye su abin da ke damunsu. Ashe santsin bakin rijiya ne, da rashin inuwar hutawa a hanyar asibiti. Ba ko ɗaya a cikinsu da na taɓa yin rubutu a kai. Da zan tafi, Inna ta zaro ɗaya daga sandunan da na kawo ta miƙo min. "Riƙe wagga, ke ad da buƙata."

Ba ni da wani bidiyon, dole shi na miƙa wa kwamiti. An ba ni ƙarin girman, har da ƙarin suna: yau a sashenmu Mataki na Biyu ake ce min.

Sandar tana nan bayan ƙofar ofishina. Tun daga ranar, kafin in koya wa tsoho tashi, sai na rufe ɗaki na gwada tukuna.