Koriyar Rigar Farfesa Orville

Kowane gari da irin arzikin da Allah Ya ba shi. Mu mutanen Ansley, nan kudancin Indiana, an ba mu masara, an ba mu ƙwallon kwando, sannan don kada maƙwabta su ce an rage mu da wani abu, aka ƙara mana da Orville Brinkmeyer.

Sana'arsa sayar da inshorar gonaki da motoci, amma wannan don a samu na sawa a bakin salati ne kawai. Ainihin aikinsa shi ne sanin yadda wasa zai ƙare tun kafin a hura usur. Farfesa muke kiransa. Babu jami'ar da ta ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa don ya rage wa jami'o'i wahala. Bai taɓa buga wa wata ƙungiya wasa ba, ko a sakandare, kuma ya sha bayyana mana cewa abin da ya sa ya fi kowa fahimtar wasan ke nan, domin wanda ke cikin ruwa ba ya ganin faɗin kogi. Da za a miƙa masa ƙwallo a ce ya jefa ta cikin tafki, sai an tanadi mai tsinto ta a tudu. Amma dokin mai baki ya fi gudu, kuma a duk gundumarmu babu dokin da ke shan gaban na Farfesa.

Fadarsa ita ce babban teburin bakin taga a gidan abincin Loretta. Nan manoma da 'yan fansho ke haɗuwa da safe, a sha kofi, a ci ƙwai da soyayyen dankali, a gyara duniya. Tumbin Farfesa kan fara shigowa, sannan shi ya biyo baya, sanye da jar rigar sanyi ta kwalejin garinmu, da jar hula, da jan alƙalami a bayan kunne. Sai ya buɗe kwamfutarsa tsakanin kwalbar gishiri da ta barkono, ya gyara murya. Daga nan ƙwai ya huce.

Ilimi kam akwai shi. Ya san yawan ƙwallon da kowane yaro ke jefawa da hagu, da wadda yake jefawa da dama, ya san bambancin hannunsa na ranar Talata da na ranar Asabar. Shi ya gano cewa ƙungiyarmu ta fi cin wasa idan kocinmu ya ɗaura lakataye mai ratsi. Idan hasashensa ya faɗa daidai, yakan zagaya teburin yana karɓar gaisuwa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Idan kuma abin ya sha bamban, to ba shi ya kuskure ba. Ko dai alƙalin wasa ya makance, ko yaran sun ƙi bin lissafi.

A watan Fabrairu Jajayen Ansley ke karɓar baƙuncin Korayen Dorrance, kwalejin da ke ƙetaren kogi. Tsakaninmu da su sai dai a ce Allah Ya kyauta. A garinmu ko ciyawa don ba yadda za a yi da ita ne ake barinta kore. A makon wasan masu tsara caca na Las Vegas, birnin cacar nan da ke cikin hamada, suka fitar da tazara, suka ce Jajaye za su ci da maki bakwai da rabi. A wurinmu wa zai ci ƙaramar magana ce, da nawa zai ci, nan gardamar take. Rabin makin kuwa ba a taɓa ganin wanda ya ci shi a fili ba, an ƙirƙiro shi ne don kada caca ta tashi canjaras.

Da Farfesa ya karanta wannan tazara sai ya yi dariyar tausayi.

"Bayin Allah," in ji shi, "suna can tsakiyar hamada suna ƙirga yashi. Bakwai da rabi. Ku saurara da kyau, don ba kullum ake samun irin wannan kyauta ba. Koraye suna zubar da kashi talatin da takwas cikin ɗari na jifan kyautar da suke samu a gidan wani. Dogonsu yana gajiya bayan hutun rabin lokaci, na auna numfashinsa ta talabijin. Na haɗa, na ɗebe, na raba da tsawon benci. Alƙaluma ba su san kunya ba, ba su san tsoro ba. Sha biyu, ko sama da haka. Wanda ya ji, ya ji."

Duk teburin aka yi ta gyaɗa kai, don mun daɗe da gane cewa gyaɗa kai ya fi tambaya saurin kawo ƙarshen darasi. Mutum ɗaya ne bai gyaɗa ba, Virgil Stuckey, ƙanin matar Farfesa. Virgil ya yi karatu a Dorrance, bai ƙarasa ba, amma zuciyarsa ta ƙarasa. Shi kaɗai ke yawo da koriyar hula a Ansley ya kwana lafiya, saboda a wurinsa kowa ke sayen kayan gyaran tarakta.

"Mijin Yaya," in ji Virgil, yana dangwala burodi cikin ƙwai, "wannan sha biyun, a baki take ko tana da ƙafa?"

Farfesa ya ce masa ya faɗi ko dala nawa yake so. Virgil ya ce shi ba ya cin kuɗin da yayarsa za ta yi cefane da shi. Riga yake so. Idan Jajaye suka ci da sha biyu ko fiye, shi Virgil zai sa ja har ƙarshen watan Maris. Idan tazarar ta gaza haka, ko da maki ɗaya ne, Farfesa zai sa kore, a ofis, a coci, a nan teburin.

Kowa ya ajiye cokalinsa. Kakan Farfesa da jar riga aka binne shi, bisa wasiyya. Mahaifinsa ya taɓa mayar da sabuwar mota don an kawo ta da korayen kujeru. Loretta ta tsaya da butar kofi a hannu ta ce, "Orville, ɗan'uwana, ka sha kofinka tukuna." Amma baki shi ke yanka wuya. Farfesa ya miƙe, ya miƙa hannu, ya ce a shaida, kuma a gaya wa ƙanin nasa ya fara neman jar riga daidai wuyansa.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya tare Koci Abernathy a wurin ajiye motoci. Kocin dattijo ne mai haƙuri, wanda ya yi shekara da shekaru yana sauraron iyayen yara, don haka babu abin da kunnensa bai iya ɗauka ba. Farfesa ya zana masa dabarun wasa da yatsa a jikin gilashin mota, ya tuna masa da zancen lakataye. Koci ya ce, "Na gode, Orville," ya shiga mota. Washegari Farfesa ya sanar da teburi cewa shi da Koci sun zauna sun daidaita komai. A gida kuwa matarsa Marlene ta gaya masa cewa ta yi alkawarin zama da shi cikin daɗi da wuya, amma ba ta tuna an ambaci koriyar riga ba.

Ranar Asabar da rana zauren wasa ya cika har ƙofa. Ƙamshin gugguru, kiɗan 'yan badujala, ja ko'ina kamar an zuba barkono a shanya. Farfesa ya zauna a layin da ke bayan bencin 'yan wasa, inda Koci zai iya juyowa ya nemi shawara idan abu ya rikice. Koci bai juyo ba, wanda a wurin Farfesa alama ce ta cewa ya haddace darasi.

Yaranmu suka yi wasa mai kyau. Bayan hutun rabin lokaci tazara ta kai sha bakwai. Farfesa ya miƙe ya juya ga jama'a yana ɗan rusunawa, kamar shi ake yi wa tafin. Ya hango Virgil can sama cikin 'yan tsirarun Koraye, ya kama wuyan rigarsa ya girgiza masa. Sai dai kafin a tashi, wani siririn yaro na Dorrance, wanda a lissafin Farfesa ba ya iya jifa daga nesa, ya manta da hakan, ya zura biyu a jere daga bayan layin nesa, kowace maki uku. Tazara ta dawo sha ɗaya. Ƙwallo tana hannunmu, saura 'yan daƙiƙoƙi, kwando yana can a buɗe babu mai tsaronsa.

To mu a nan, idan ka riga ka ci wasa kuma lokaci ya zo ƙarshe, ba ka ƙara jifa. Wanda ka kayar ba ka binsa da ƙafa. Tun yaro yana firamare ake koya masa haka, kuma wanda ya karya wannan, har ya tsufa ana nuna shi da baki. Saboda haka kyaftin ɗinmu, Curtis Maybank, ya tsaya a tsakiyar fili yana ɗan buga ƙwallon da ƙasa a hankali, yana jiran lokaci ya cika. Koraye suka sauke hannu, wasu har sun fara zuwa gaisawa. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, namu da nasu. 'Yan badujala suka sauke ƙahoninsu.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Cikin wannan tafi na mutunci sai aka ji murya ɗaya ta tsaga zauren.

"Jefa! Kai yaro, jefa mana! Ga kwando can!"

Farfesa ne, ya hau kan kujera, hula ta faɗi, fuska ta yi ja har ta fi rigar. Tafi ya fara raguwa. Curtis ya waiwayo ya dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi waƙar biki a gidan makoki, ya ci gaba da buga ƙwallonsa. Koci Abernathy ma a ƙarshe ya juyo, amma ba shawara ya zo nema ba. Malama Pauline, wadda ta koyar da Farfesa a aji uku kuma yanzu da sanda take tafiya, ta jawo bakin rigarsa ta ce, "Orville, sauko. Ba haka na koya maka ba."

Ƙararrawa ta buga. Ansley ta ci da sha ɗaya. Gari ya ɗauki murna, motoci suna ta hon har bakin kogi. A cikin dubban mutanen da suka sa ja a ranar, mutum ɗaya ne aka cinye.

Ranar Litinin Virgil ya kawo rigar da kansa, a naɗe cikin takardar kyauta. Tasa ce ta zamanin makaranta, lokacin yana siriri. Farfesa ya shiga cikinta da ƙyar, ta tsaya masa a saman cibiya, ya fito kamar kankana da aka ɗaure da ƙyalle. Babu wanda ya yi dariya a fili, mu mutane ne masu tarbiyya. Loretta dai ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

"Lissafina bai yi ƙarya ba," in ji Farfesa. "Da yaron ya jefa, sha uku ke nan. Abin da ya faru kutse ne daga waje. Ladabi ba ya cikin alƙaluma, kuma garin da ya fifita ladabi a kan kimiyya bai cancanci kimiyya ba."

Daga ranar ya janye iliminsa daga Ansley, ya mayar da shi kan Dorrance, tunda rigarsu ce a jikinsa. Ya bi alƙalumansu, ya gano cewa ashe ƙungiya ce mai ɓoyayyen ƙarfi. Ya ce za su ci wasansu na gaba cikin sauƙi. Aka lallasa su. Ya ce na bayansa kam ko da ido rufe. Aka cinye su a gidansu, dogonsu ya gurɗe ƙafa. Mu kuwa, tun da Farfesa ya daina yi mana hasashe, yaranmu ko ta ina suka jefa sai ta shiga.

Virgil ya rame. Wata safiya ya zo ya zauna kusa da shi, ya saya masa kek, ya ce, "Mijin Yaya, wasa ne fa. Na yafe sauran kwanakin. Don girman zumunci ka cire rigar nan." Farfesa ya ce alkawari kaya ne, shi ba ya sauke nasa a rabin hanya, kuma yanzu ne ma ya fara gane sirrin Koraye.

Da Maris ya kama, aka fitar da jadawalin gasar ƙarshen kaka, wadda duk wanda aka cinye ya koma gida. Wasan farko, Ansley da Dorrance. Mutanen teburi suka yi shawara a ɓoye, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Washegari Loretta ta ajiye wa Farfesa ƙunshi a gabansa: sabuwar koriyar riga daidai jikinsa, da ta canji saboda ranar wanki, da koriyar hula, har da koren alƙalami. Marlene da kanta ta zaɓo su. Koci Abernathy, wanda bai saba zuwa gidan abincin ba, ya shigo ya cire hula, ya tsaya a gaban teburin, ya tambaya cikin ladabi yadda Farfesa yake ganin wasan.

Farfesa ya buɗe kwamfuta, ya daɗe yana dubawa, ya ɗago.

"Ka yi haƙuri, Koci. Dorrance, da maki goma."

Teburin gaba ɗaya ya sauke ajiyar zuciya. Virgil ya kifa kai a kan faranti. Koci ya kama hannun Farfesa da hannu biyu, ya roƙe shi kada ya canza ra'ayi ko wa ya matsa masa.

Farfesa ya gyara zaman sabuwar hularsa, ya ce dama ya san wata rana garin nan zai gane amfaninsa.

Gaskiyarsa ne. Mun gane.